ZARE: Radziwill, sunan mutum ɗaya da ƙasashe uku ke ja-in-ja a kansa 🧵

1/ An gama jarabawa, bari in cika alƙawarin da na ɗauka. Yau Gabashin Turai za mu. Akwai wani gida da babu namiji ko ɗaya a cikinsa da ya taɓa zama sarki, amma sai da ya kai sarakuna na shakkarsa. Gidan Radziwill. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ A Lituwaniya Radvila ake cewa. A Polan ana rubuta Radziwiłł, a furta kamar "Rajiviu". A Belarus kuma Radzivil. Gida ɗaya ne fa, kuma kowace ƙasa a cikin ukun nan cewa take nata ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa a ƙarshe.

3/ Lituwaniyar yau ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Amma a ƙarni na 15 daula ce da ta miƙe daga Tekun Baltik har Bahar Aswad, Belarus ta yau da babban ɓangaren Yukren duk a ƙarƙashinta suke. Ita ce ƙasar ƙarshe a Turai da ta bar addinin gargajiya, sai 1387 ta karɓi Kiristanci.

4/ Shekara ɗaya kafin nan, a 1386, sarkinsu Jogaila ya auri Jadwiga sarauniyar Polan, ya zama sarkin can ma. Daga nan ƙasashen biyu suka koma kamar kishiyoyi: galibi maigida ɗaya, amma kowa da ɗakinta da tukunyarta, kuma kowa na zargin 'yar uwarta. A cikin wannan zaman gidan namu ya taso.

5/ Tushen shi ne wani babban bafade, Kristinas Astikas. A 1413, a garin Horodlo, manyan gidajen Polan suka raba tambarinsu na gado da manyan Lituwaniya 47, alamar an zama 'yan uwa. Astikas ya samu tambari mai ƙahonin farauta guda uku. Har yau ƙahonin nan na jikin tambarin gidan.

6/ Astikas na da ɗa mai suna Radvila. Sunan yanka ne kawai, kamar ka ce Garba ko Tanko. Masana harshe sun raba shi biyu: "rad" daga kalmar samu, "vil" daga kalmar fata. Radvila ya zama gwamnan Trakai, ya rasu a 1477.

7/ Nan ne wajen da ya fi burge ni. Kun san yadda muke yi: ɗan Garba shi ne Musa Garba, ɗan Musa kuma Sani Musa. Kafin jika ya girma Garba ya ɓace. Su ma da haka suke. To ɗan Radvila, Mikalojus, ya ɗauki sunan ubansa, 'ya'yansa kuma suka ƙi saki. Shikenan, sunan mutum ɗaya ya zama na zuri'a.

8/ Da dukiya ta zauna, sai aka ga asalin ya yi gajere. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Sai ga labarin Lizdeika, jaririn da wai aka tsinta a sheƙar mikiya, ya girma ya zama babban bokan Sarki Gediminas. Wata rana sarki ya yi mafarkin kyarkeci na ƙarfe yana kuka a kan tudu.

9/ Lizdeika ya fassara: ka gina birni a nan, sunansa zai cika duniya. Birnin shi ne Vilnius, hedikwatar Lituwaniya a yau. Aka ce wai wannan bokan ne kakan gidan, wai sunan ma daga shawarar da ya bayar ya fito, tunda a yaren Polan "radzi" na nufin yana ba da shawara.

10/ To amma me ya haɗa bokan Lituwaniya na farkon ƙarni na 14 da laƙabin yaren Polan? Labarin a littattafan ƙarni na 16 ya bayyana, daidai lokacin da gidan ke tashe. Aikin maroƙa ne dai, masu alƙalami. Gidan ya rungumi abin har a kirarinsa: "Bóg nam radzi", wato Allah ke ba mu shawara.

11/ A 1518 Maximilian na 1, sarkin daular Rum ta Jamus, ya ba ɗaya daga cikinsu sarautar yarima. A 1547 Charles na 5 ya sake ba wasu biyu, 'ya'yan wa da ƙani, kuma dukansu Mikolaj. Don a bambanta su sai aka bi launin gashi: Mikolaj Baƙi da Mikolaj Ja.

12/ Yanzu ga soyayya. Ja na da ƙanwa, Barbara. Mijinta ya rasu a 1542 tana da ƙuruciya. Yarima mai jiran gado, Sigismund Augustus, na zaune a Vilnius, shi ma matarsa ta rasu a 1545. Aka fara ganin juna. A 1547 aka ɗaura aure a ɓoye, ko iyayensa ba a shawarta ba.

13/ A 1548 ubansa ya rasu, ya hau gado, maganar ta fito fili. Kai, Polan ta ɗau zafi. Majalisar manya ta ce ya sake ta. Uwarsa, Bona Sforza 'yar Italiya, ta ce ba da ita ba. Tsoronsu a fili yake: in Barbara ta zama sarauniya, yayyenta ne za su riƙe sarki.

14/ Sarki ya kafe. Sama da shekara biyu ana ja, sai a Disambar 1550 aka naɗa ta sarauniya a Krakow. Wata biyar kacal ta yi. Ranar 8 ga Mayu 1551 ta rasu bayan doguwar jinya. Gari ya ɗauka surukarta ce ta sa mata guba, masana tarihi kuwa sun fi karkata ga cuta ce. Allah sarki.

15/ Ba ta yarda a binne ta a Krakow ba, inda aka wulaƙanta ta. Sarki da kansa ya raka gawar har Vilnius. Ya rasu a 1572 bai bar ɗa ba, sarautar gidan Jogaila ta ƙare a kansa. Kambin da aka binne Barbara da shi an ɓoye shi a 1939 saboda yaƙi, sai a Disambar 2024 aka gano shi a ƙarƙashin babban cocin Vilnius.

16/ Mu koma kan Baƙi. Shi ne gwamnan Vilnius kuma shugaban gwamnatin daular. Ya bar Katolika ya bi ɗariƙar Calvin, ya zuba kuɗi aka fassara Baibul zuwa yaren Polan, aka buga a Brest a 1563. Ya rasu a 1565. Sai me? 'Ya'yansa suka koma Katolika, ɗaya ma, Jerzy, har ya zama kadinal.

17/ Babban ɗan, Mikolaj Krzysztof, laƙabinsa Sierotka, wato Maraya. Ana ba da labarin ya riƙa sayen Baibul ɗin ubansa yana ƙonawa. Tsakanin 1582 da 1584 ya ziyarci Ƙudus da Masar. Ya sayo gawarwaki biyu na mutanen da, irin naɗaɗɗun nan na Masar, guguwa ta taso a teku, aka jefa su ruwa. Shi ya rubuta da kansa 😂

18/ Amma Maraya ba wawa ba ne. A 1583 ya fara gina fadar Nesvizh, wadda ke Belarus a yau. A 1586 shi da 'yan uwansa suka kafa doka kan manyan filayensu: ba a rabawa, ba a sayarwa, babban ɗa namiji ke gada ɗungurungum. Duk wanda ya ga yadda rabon gado ke narkar da gidan attajiri ya san abin da suka guje wa.

19/ Shi kuma Ja soja ne. A 1564 ya fatattaki rundunar Mosko a bakin kogin Ula. A 1569, da aka zauna a Lublin don haɗe Polan da Lituwaniya su zama ƙasa ɗaya, shi ya ja tawagar Lituwaniya suka fice. Sarki ya yanke yankunan Yukren ya ba Polan, dole aka dawo aka sa hannu. Reshen Ja bai manta ba.

20/ Tattaɓa-kunnensa, Janusz, shi ne babban kwamandan Lituwaniya a 1655. Ku duba halin da ya shiga: Rasha ta ci Vilnius a watan Agusta, Suwidin ta kutso ta arewa da yamma, sarkin Polan bai da abin taimako. Gaba kura, baya sayaki.

21/ Ranar 20 ga Oktoba 1655, a garinsa Kedainiai, Janusz ya sa hannu a takardar raba Lituwaniya da Polan, ya haɗa ta da Suwidin. Yawancin sojojinsa suka juya masa baya. Ranar ƙarshe ta shekarar ya rasu a fadar Tykocin, 'yan ƙasarsa na kewaye da shi da makamai.

22/ A Polan, Janusz maci amana ne. Marubuci Henryk Sienkiewicz ya zana shi haka a littafinsa Potop na 1886, aka mai da shi fim a 1974, yara suka taso da wannan hoton. A Lituwaniya kuwa da yawa na ganin mutum ne da ya nemi ceto ƙasarsa. Mutum-mutuminsa na tsaye a dandalin Kedainiai.

23/ Ni dai ra'ayina, duka biyun da ƙamshin gaskiya. Ƙasarsa na ci da wuta, kuma shi ma yana hangen mulki wa kansa. Da Suwidin ta yi nasara, da wani labarin ake koyarwa a makaranta. Ku fa me kuka gani?

24/ A ƙarni na 18 akwai Karol Stanislaw, wanda ake kira "Panie Kochanku" saboda kowa haka yake ce masa, kamar ka ce "ranka ya daɗe, masoyina". Yana da sojojinsa na kansa. Ana raha da cewa ya sa an malala gishiri a hanya da rani, don ya yi sululu a kai kamar ƙanƙara. Ya rasu a 1790.

25/ Shekara biyar bayan nan, a 1795, Rasha da Furushiya da Ostiriya suka gama rabe ƙasar, aka share ta daga taswira. Ƙasa ta tafi, gidan na nan. Dominik ya bi Napoleon, ya mutu a 1813 daga raunin yaƙi. Antoni ya auri gimbiyar Furushiya, Chopin ya sauka a gidansa, fadarsa ta Berlin daga baya ta zama ofishin Bismarck.

26/ A 1939 sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙwace Nesvizh, daga baya aka mai da fadar wurin jinya da hutawa. Wani Janusz ɗin, babban ɗan siyasa, ya tsinci kansa a kurkukun Lubyanka a Mosko. Dokar 1586 ta tsare filayen daga rabon gado sama da shekara 300, amma ba ta da maganin tankar yaƙi.

27/ Ɗansa Stanislaw ya yi hijira zuwa Landan. A 1959 ya auri Lee Bouvier, ƙanwar Jacqueline Kennedy. Shi ya sa in ka nemi sunan a intanet za ka ci karo da 'yan gayun Amurka. A Polan kuma wani likita, Konstanty Radziwill, ya riƙe ministan lafiya daga 2015 zuwa 2018.

28/ To na waye? Asalin sunan yaren Lituwaniya ne, har akwai gari can mai suna Radviliskis. Yaren da suka yi ɗaruruwan shekaru suna magana da rubutu da shi na Polan ne. Babbar fadarsu da kabarin da yawansu a Belarus suke, UNESCO ta sa Nesvizh a jerinta a 2005. Sunan ya girmi iyakokin da ake faɗan a kansu.

29/ Filaye sun tafi, sojoji sun watse, fada ta zama gidan tarihi da ake shiga da tikiti. Abin da ya rage shi ne sunan yankan mutumin da ya rasu a 1477, wanda jikokinsa suka ƙi saki.

30/ Da na gama haɗa zaren nan na gwada lissafa nawa kakannin, na maƙale a na huɗu, sai da na kira gwaggo a waya 😅 Kai fa, zuwa na nawa za ka iya? Ku ajiye min amsa a ƙasa, kuma ku tura wa wannan abokin da ke cewa tarihi ba daɗi.