Inbata da batir a Nguru da Gashuwa

Inbata na'ura ce da ke juya wutar da aka tara a batir zuwa irin wutar gida, mai ƙarfin volt 230, domin kwamfuta da talabijin da fanka su ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta. A Nguru da Gashuwa, garuruwa biyu na arewacin Jihar Yobe, ana ganinta a shagunan cajin waya, rumfunan masu POS, ɗakunan shan magani da gidaje. Mutane da dama sun koma haɗa ta da faifan sola tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa kunna janareta ya yi tsada.

Batirin da aka fi sani shi ne mai dalma da ruwan asid, mai volt 12, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Babban abokin gabarsa a yankin shi ne zafi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali batirin ya fi ƙarko a kusan digiri 25. Shi ya sa ake ɗora shi kan katako a ɗaki mai iska, ana duba ruwansa ana ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba, kuma ba a barin cajinsa ya sauka ƙasa da rabi. Dutsen guga da hita kan zuƙe shi nan take.

Da hunturu kuwa, ƙura kan lulluɓe faifan sola, sai an riƙa goge shi da safe. Akwai kuma batirin litiyam, wanda ya fi mai dalma daɗewa, amma ya fi shi tsada.