Tamowa

Tamowa lalura ce da ke kama yaro yayin da cimarsa ta gaza biyan buƙatun jikinsa, ko da kuwa ana ɗura masa kunu safe da maraice, domin cika ciki daban, gina jiki daban. Galibi takan bayyana ne bayan yaye, kuma alamominta ba sa ɓuya ga mai lura: ko dai yaro ya rame ƙwarai, ko kuwa ƙafafunsa su kumbura, har idan aka danna da yatsa gurbin ya jima bai cike ba, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa, abin tausayi.

Likita Cicely Williams ce ta yi bayanin nau'in mai kumburi a shekarar 1933, sa'ad da take aiki a ƙasar da a yau ake kira Ghana, daga bisani ta ambace shi da sunan da ƙabilar Ga ke kiransa da shi, wato kwashiorkor. A lokacin ƙarancin abincin Nijar na 2005, musamman a yankin Maraɗi, an yi jinyar dubban yara masu tamowa a gidajen iyayensu da haɗin gyaɗa, madara, mai da sukari, wanda uwa ke ba ɗanta daga leda ba tare da an ɗora tukunya ba.