Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Jiragen Kano da Doguwar Tafiya

Titin da ya fito daga Kano ya haye gadar Wudil ya miƙe zuwa Maiduguri, tsohuwar hanyar gabas ce da aka yi wa sabuwar riga. Tun kafin a san kwalta, mutanen Achika da sauran garuruwan ƙasar Wudil sun san cewa mai niyyar aikin Hajji gabas yake dosa: ya shiga Borno, ya ratsa Chadi da Darfur, har ya kai gaɓar Bahar Maliya inda zai hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Mutum kan yada zango ya yi noma ko ƙodago, ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, kuma zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Jikan wancan mahajjaci a yau kan bi titin ne ta ɗaya ɓangaren, ya nufi filin jirgin saman Malam Aminu Kano, cikin kamar awa biyar ya sauka a ƙasa mai tsarki.

Wannan tafiya ta kilomita kusan 3,400 ita ce doguwar hanya guda da kamfanonin jiragen sama na Arewa suka daɗe suna rayuwa a kanta. Duk kamfanin da ya ɗan tsaya da ƙafarsa a zirga-zirgar Kano, Abuja da Legas, sai tambaya ɗaya ta taso masa: me zai hana ya sayi babban jirgi ya riƙa zuwa Dubai, Landan ko Sin a kowane mako, da farashi mai rahusa? Tarihin shekara arba'in da suka wuce ya ba da amsa, kuma amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin alhajin Achika da fasinjan Landan.

Yadda Kano ta shiga taswirar sama

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na rundunar sojin saman Birtaniya da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Su ne jirage na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Khartum, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin ya zama zangon jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, irin su na BOAC, KLM da Sabena. Abin da ke sauko da su shi ne mai, domin tankin jiragen wancan zamani ba ya kai su ƙarshen tafiya. Da aka ƙera jiragen da ke iya tsallake Sahara su zarce ba tsayawa, sai cinkoson ya ragu sannu a hankali. KLM, wanda ya fi kowa daɗewa, ya bar Kano a 2012.

Abin da bai bar Kano ba shi ne Hajji. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran birnin, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata, Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka shiga tsara jigilar mahajjata a motoci zuwa Sudan, daga baya harkar ta koma jirgin sama. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sannan NAHCON ta gaji aikin a 2006. Da yake aikin na lokaci ɗaya ne a shekara, ko Nigeria Airways, kamfanin gwamnati, hayar jirage yake yi daga waje idan lokaci ya zo. Jirgin Boeing 707 da ya yi haɗari a Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, ya hallaka mutum 176, na kamfanin Alia ne na ƙasar Jodan, an ɗauko shi ne don dawo da alhazai.

Zaɓin da Kabo ya yi

Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, jiragensa suka fara tashi a 1981. A lokacin Nigeria Airways ne ke riƙe da sararin ƙasar, ga jinkiri, ga ƙarancin kujera. Kabo da takwaransa Okada Air suka shigo da tsofaffin jirage masu sauƙin saye, irin su BAC 1-11 da Boeing 727, suka mai da jirgin sama kusan motar haya: a zo, a yanki tikiti, a hau. Ba tsarin rahusa ba ne irin na Turai da Amurka sak, amma ya fi komai kusa da shi a tarihin Arewa, kuma ta nan 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa suka fara hawa jirgi.

A 2001 Kabo ya janye daga zirga-zirgar cikin gida ta kullum, ya tattara ƙarfinsa kan manyan jiragen Boeing 747 da jigilar alhazai da shata. A nan ya samu wurin zama na shekaru. Wajen 2009 kamfanin ya gwada tafiye-tafiye masu jadawali zuwa Alƙahira, Jidda da Dubai, amma abin bai daɗe ba. Jirgin da ke cika maƙil a watan Zulƙida ya kasa samun irin wannan cika a ranar Talatar da ba ta da wani muhimmanci a watan Safar.

Waɗanda suka biyo baya sun bi hanyar ta fuskoki daban-daban. Max Air, na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina, da Hajji ya fara, da manyan jiragen 747, sai a 2018 ya shiga zirga-zirgar cikin gida da ƙananan Boeing 737. Azman Air, na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina, ya fara da cikin gida a 2014, sannan a 2020 ya kawo Airbus A340-600 mai injin huɗu, a daidai shekarar da annobar korona ta rufe filayen jiragen duniya. Aikin da jirgin ya fi yin suna a kansa daga baya shi ne jigilar alhazai.

Abin da ya sa Hajji ya bambanta

Maniyyacin Achika kan biya kuɗin kujerarsa watanni kafin tafiya, ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukuma da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, har kuɗin ya isa NAHCON. Hukumar ce ke zaɓen kamfanoni, ta raba musu jihohi, a yi yarjejeniya kan farashi da dala. A 2023 Saudiyya ta ware wa Nijeriya kujera 95,000. Kamfanin da ya samu kaso ya san yawan fasinjojinsa kafin ya kunna inji. Ba ya kashe kuɗin talla, ba ya gasar farashi da kowa bayan an rattaba hannu. Har dawowar da jirgi ke yi babu kowa a cikinsa bayan ya sauke alhazai an riga an lissafa ta a cikin kuɗin kujera. Kuma tun da aikin makonni ne, tsohon jirgin da aka saya da arha ya isa, ko da yana shan mai da yawa.

Tafiya mai jadawali akasin haka take. Jirgi zai tashi a ranar da aka sanar, ko da rabin kujerunsa babu kowa, kuma kujerar da ta tashi ba mai ita ta zama asara har abada.

Ga kuma matsalar tsarin rahusa shi kansa. Kamfanin Southwest na Amurka, wanda ya fara aiki a 1971, da Ryanair na Ailan da ya kwaikwaye shi, sun gina arharsu ne a kan abubuwa kaɗan: jirgi iri ɗaya don sauƙin gyara da horar da matuƙa, saurin sauke fasinja da ɗaukar wasu cikin kamar rabin awa, da tashi sau da yawa a rana. A hanyar Kano zuwa Abuja, wadda ba ta kai awa guda ba, minti ashirin da aka rage a ƙasa kan tara har ya ba da damar ƙarin sahu ɗaya kafin dare. A tafiyar awa shida ko bakwai wannan dabara ba ta da tasiri, domin jirgin ba zai wuce zuwa da dawowa sau ɗaya a rana ba. Mai ya zama kaso mafi girma na kashe-kashe, kuma kowa farashi ɗaya yake sayensa. Ma'aikata sai sun kwana a otal a ƙasar waje. Manyan kamfanoni kuwa suna samun ribarsu daga kujerun alfarma na gaba da kayan da ke cikin jirgi, suna kuma tara fasinja daga garuruwa da dama zuwa cibiya guda, don haka suna iya karya farashin kujerun baya na watanni ba tare da sun jigata ba.

A Nijeriya akwai ƙarin nauyi. Hayar jirgi, inshora, kayan gyara da babban garambawul duk da dala ake biya, alhali tikiti da naira ake sayarwa. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati; a farkon 2024 ta haura 1,500. Bashin da aka ci don jirgi ɗaya ya ninka sau uku ba tare da an ƙara kujera ko ɗaya ba.

Waɗanda suka gwada

Freddie Laker na Ingila yana cikin waɗanda suka fara wannan gwaji a fili. A Satumban 1977 ya ƙaddamar da Skytrain tsakanin Landan da New York kan fam 59. Jama'a suka yi tururuwa. Sai ya ƙara jirage da bashin dala, darajar fam ta faɗi, manyan kamfanoni irin su Pan Am suka sauke farashinsu daidai da nasa. A ranar 5 ga Fabrairu, 1982 kamfanin ya rushe da bashin kusan fam miliyan 270. Bayan shekara talatin Norwegian ya sake gwadawa da sababbin Boeing 787 daga 2013, ya sha fama da matsalar inji da bashi, ya yi watsi da dogayen hanyoyi a Janairun 2021. WOW air na Aisilan ya durƙushe a Maris ɗin 2019. Waɗanda suka ɗore, irin su Scoot da Jetstar, 'ya'yan manyan kamfanoni ne, Singapore Airlines da Qantas, masu aljihun da za a jingina da shi.

A gida ma labarin bai sauya ba. Virgin Nigeria ya dakatar da zuwa Landan da Johannesburg a farkon 2009. Arik Air, wanda ya mamaye kasuwar cikin gida, ya fara zuwa Landan a Disambar 2008, New York kuma a ƙarshen 2009. A Fabrairun 2017 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashin da aka ce ya haura naira biliyan 300, dogayen hanyoyin kuma suka tsaya. Med-View, wanda shi ma da jigilar alhazai ya ginu, ya fara zuwa Gatwick a 2015, Tarayyar Turai ta hana shi shiga sararinta a 2017, bai sake farfaɗowa ba. A kowane ɗaya daga cikinsu, asarar doguwar hanya ta ci ribar gajeriya, har ta shafi albashin ma'aikata da fasinjan cikin gida da bai taɓa tunanin zuwa Landan ba.

Akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma mai ƙarfi ce. Da Air Peace ya fara zuwa Gatwick daga Legas a ranar 30 ga Maris, 2024, kamfanonin waje sun sauke farashinsu cikin makonni. Ƙasar da ba ta da mai ɗaukar mutanenta zuwa waje dole ta biya duk abin da aka yanka mata. Sai dai ribar da fasinja ya samu daga wannan gasa daban take da ribar kamfanin da ya jawo ta, kuma Laker ma ya sauke wa Turawa farashi kafin ya faɗi.

Sharuɗɗan da tarihi ya gindaya

Ethiopian Airlines, wanda ke sauka a Kano, ya nuna yadda ake gina doguwar tafiya a Afirka. Ya shafe shekaru yana tara fasinja daga biranen nahiyar zuwa Addis Ababa, ya kafa wurin gyaran jiragensa da makarantar matuƙa, ya kuma taimaka aka kafa ASKY a Lome, wanda ya fara aiki a 2010, don ya riƙa kawo masa fasinjan Afirka ta Yamma. Babban jirginsa yana tashi ne bayan ƙananan sun cika masa ciki.

Kamfanin Kano da ke hangen ƙetare yana da matakai kafin Landan. Yamai, Njamena da Agadas suna kusa, kuma alaƙar kasuwanci da zumunci tsakaninsu da Kano ta girmi jirgin sama. Ƙananan jirage masu kujera 50, irin waɗanda Rano Air ya fara aiki da su a 2023, sun isa irin wannan hanya. Umara, wadda ake yi kusan duk shekara, tana ba da fasinjan Jidda da Madina ta hannun kamfanonin shirya tafiye-tafiye masu sayen kujeru a dunƙule, kuma jirgi mai layi ɗaya na zamani yana iya kaiwa can ba tare da an ci bashin ƙaton jirgi ba. Duk hanyar da za a ƙara bayan wannan, sai an amsa tambayoyi uku: wane ne ya riga ya biya, da wane kuɗi ya biya, kuma wata nawa kamfanin zai iya jure tashi da rabin kujeru idan manya suka karya farashi.

Manomin Achika da ya sayar da shanunsa a kasuwar Wudil ya biya kujerar Makka tun kafin azumi, shi ne fasinjan da ya riƙe manyan jiragen Arewa tun daga zamanin Ɗankabo. Har yanzu ba a samu irinsa a hanyar Landan ba.