Bayan da Ya Kawo Mu Fallomi: Goyo, Keken Jariri da Kujerar Mota

Duk Bahaushen da ya ce ya ba wani goyon baya, a siyasa ne ko a gaban alƙali ko wajen neman aure, aron magana ya yi daga wurin mata ko da bai sani ba. Asalin kalmar aiki ne na zane da majanyi: a ɗora wanda bai iya tafiya ba a gadon baya, a ɗaure shi, a kai shi inda ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Mun ɗauko wannan zance ne saboda kayan haihuwa sun sake kama a Injamena. A kasuwar Dembe da shagunan da ke kewaye da ita, gefen atamfa da bahon wanka da sabulu, yanzu akan ga keken tura jariri, wanda masu Faransanci ke kira puset, da jakar goyo mai maɗauri, wani lokaci har da kujerar da ake ɗaure wa jariri a mota. Ango da amaryar bara, waɗanda ke jiran ɗan fari, sukan tsaya suna lissafin wanne ya kamata, kuɗi kuwa ba su isa duka ba. Kowanne daga cikin kayan nan yana da tarihinsa, kuma tarihin ne yake nuna wace matsala aka ƙera shi ya warware.

Mu fara da namu. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy suka mutu rana guda. Makonni kaɗan bayan haka Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓa ta kogin Shari ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da bakin kakanninmu ya mayar Fallomi, har zuwa 1973 da shugaba Tombalbaye ya sauya shi zuwa Injamena. Hausawa da yawa ba don garin suka zo ba, hanya ce ta biyo da su. Mai niyyar hajji yakan baro Kano ko Katsina ko Damagaram, ya ratsa Borno, ya haye kogi nan, ya nufi Abeshe, daga can Janaina da Fashir da Ubayyid har gaɓar Bahar Maliya. A 1903, da Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa. Shi ya kwanta dama a Burmi cikin Yulin shekarar, ɗansa Mai Wurno kuwa ya ci gaba da waɗanda suka tsira har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Baturen nan John Works ya rubuta littafi guda a 1976 kan Hausawan Cadi, kuma a matsayin mahajjata ya gabatar da mu tun daga sunan littafin.

Abin da littattafan tarihi ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda jarirai suka yi wannan tafiya. Tafiya ce ta shekaru, ana zango a yi noma ko fawa ko ɗinki ko koyarwa a tara guzuri, sannan a ƙara gaba. A cikinta akan yi aure, a haihu, a yi suna, a yaye. Jaki na ɗauke da kaya, namiji na riƙe da sanda da gafaka, mace kuwa da ƙwarya a ka da ɗa a baya. Ana cewa wanda aka goya bai san nisan hanya ba. Ita mai goyon ta sani. Yawancin gidajen Hausawa da suka kafu a garin nan, in aka bi salsalarsu, za a iske wani kaka da ya shigo Fallomi barci yake yi a bayan uwarsa.

Shi goyo sana'a ce da ake koyo, ba a haifi kowa da ita ba. Yarinya takan fara da 'yar tsana ko totuwar masara da tsumma, ta koma goyon ƙane tana 'yar shekara bakwai ko takwas, kafin ta yi nata ta riga ta ƙware. Uwa ta sunkuya, ta kama yaro ta hammata ta juya shi baya, ta shimfiɗa zane a kansa, ta soke bakin sama a ƙirji, ta murɗe na ƙasa a ciki. Sannan majanyi ya zo ya tallafi mazaunan yaron, a ƙulle shi ta gaba. Ɗanyen jariri akan sa hannayensa ciki, zane ya haura ya riƙe masa ƙeya. Wanda wuyansa ya yi ƙwari a sake masa hannu ya yi ta kallon duniya. A da majanyin saƙi ne, mai kauri, wanda ba ya zamewa, kuma kaka ko gwaggo kan kawo shi cikin kayan barka. Kano ta shahara da saƙa da rini tun kafin Heinrich Barth ya iso ta a 1851 ya ga yadda tufafinta ke ratsa Sahara. Yau tawul da gyale sun maye gurbin saƙi a gidaje da yawa, kuma gyale mai santsi ba majanyi ba ne, ko da an kira shi haka.

Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne jakar goyon da ake sayar mana da tsada, jikar zanenmu ce. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa kai a Togo farkon shekarun 1960, ta ga yadda jariran da ke goye suke kwance lafiya ba kuka. Da ta koma gida ta haihu, ita da mahaifiyarta suka ɗinka jaka mai maɗauri, wadda ta zama Snugli, ta kuma sami takardar mallakar fasaharta a 1969. Kamfanin BabyBjörn na Suwidin ya fitar da tasa a 1973. A 1978 kuma, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota ta Kolombiya, kwalaben saka bakwaini suka yi ƙaranci, sai likita Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaure jariran a ƙirjinsu fata da fata. Wannan dabara, da aka sa wa sunan dabbar kangaru, ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 a fara ta nan take bayan haihuwar bakwaini. Wani bincike da aka yi a Montreal a 1986 ya gano cewa jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka, kukansu ya ragu da kashi 43 cikin ɗari a mako na shida. Likitocin ƙashi ma sun yarda cewa zaman da goyo ke yi wa yaro, cinyoyi a buɗe, gwiwoyi a sama da mazaunai, shi ne mafi dacewa da gaɓar ƙugu. Saboda haka jakar da ke barin ƙafafun jariri suna reto a miƙe, komai kyan launinta, ta gaza zanen kaka.

Ba mu ce goyo ba shi da aibi ba. Mai tuyar ƙosai ko awara da ɗa a baya tana shayar da shi hayaƙi, ga tafasasshen mai kusa. A watan Afrilu, da zafin garin nan kan haura digiri 40, jaririn da aka lulluɓe ƙarƙashin hijabi ko lafaya yana cikin tanda, kuma uwa ba ta ganin fuskarsa. Dole hanci da baki su kasance a sarari, haɓa kada ta danne ƙirji.

Keken jariri kuwa labarinsa gajere ne. William Kent ya ƙera na farko da aka sani a 1733 don 'ya'yan wani basaraken Ingila, ana ɗaura masa akuya ko ɗan doki ya ja a cikin lambu. Mai naɗewa irin na yanzu, injiniyan jiragen sama Owen Maclaren ne ya fito da shi a 1965. Tun asali kayan daɓe ne, na titin da aka ware wa mai ƙafa gefensa. Wanda ya taɓa kutsawa cikin kasuwar Dembe da hantsi, tsakanin masu baro da 'yan babur da kwandunan tumatir, ko ya bi lungunan unguwa a watan Agusta bayan ruwa ya ɗauke, ya san ƙaramar taya ba ta da wurin zuwa. Ga shi kuma keken na ajiye hancin yaro daidai da bututun hayaƙin babura. A tsakar gida mai siminti yana da amfani, musamman ga mai tagwaye ko wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ba ta iya goyo ba tukuna. Amma mu faɗi gaskiya, yawancinsa don idon 'yan suna ake sayensa, a ɗauki hoto, daga nan ya zama ma'ajiyar wanki.

Inda gadonmu bai tanadi komai ba shi ne gudu. An ƙirƙiri goyo don mai tafiya a ƙasa, wadda in ta yi tuntuɓe za ta dafa da hannu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta yi karo, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido nauyin jariri kan ninka sau da dama, babu hannun uwar da zai riƙe shi, komai sonta. In a cinya yake, zai kuɓuce ya bugi gilashi. In uwar ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse shi. In goye yake a baya, yana tsakanin ta da kujera. Kan jariri kuma ya yi wa wuyansa nauyi, shi ya sa fizgar da babba zai tashi ya karkaɗe riga takan karya yaro. Wani malamin jami'a a Suwidin, Bertil Aldman, ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya don su jure fizgar roka, sai a 1964 ya tsara kujerar da yaro ke juya wa gaban mota baya, ta yadda bugun zai bazu a kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. In aka duba, dabarar goyo ce aka juya: a tallafi ƙeya, a tallafi baya. Jihar Tennessee ta Amurka ta fara tilasta amfani da kujerar yara a 1978, zuwa 1985 duk jihohin ƙasar sun bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari.

To a nan lissafinmu ya karkace. Gidan da ke da mota ya sayi keke ya bar kujera, alhali ita ce kaɗai cikin ukun da zane ba ya iya maye gurbinta. Hajiya na gaba da jariri a cinya, Alhaji na tuƙi, an nufi Masaguet ko an haye gadar Ngeli zuwa Kusuri gaisuwa, kowa na ganin daidai ne don haka muka saba. Wasu ma na ganin ɗaure jariri shi kaɗai a baya rashin tausayi ne, kaka za ta ce a miƙo mata jikanta. Ba laifi kakar ta zauna kusa da shi ta riƙe masa hannu.

Mai saye ya nemi 'yar takarda mai ruwan lemo a jikin kujerar, da harafin E cikin da'ira da lamba R129 ko R44/04. Waɗannan ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya ne. R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta yaro ya fuskanci baya har ya kai wata 15. Tarayyar Turai ta daina sayar da sabbin kujerun R44 daga Satumban 2024, don haka ba abin mamaki ba ne a riƙa ganinsu cikin gwanjo. Matsalar gwanjo ita ce kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki ba a gani, robar da ta sha rana shekaru kuma takan yi rauni. A duba ranar ƙira, a ja kowane maɗauri, a gwada ta cikin motar kafin a biya, domin motar da aka yanke wa bel na baya ba ta da inda za a kafa ta. Kada a sa ta a kujerar gaba inda jakar iska take. Ƙarfen maɗaurinta yakan yi zafin da zai ƙona fata in mota ta wuni a rana, sai an taɓa da hannu tukuna.

Saura mafi yawanmu, waɗanda ba su da mota. Kilando ne ke kai mace awo da rigakafi da gidan biki, tana zaune a karkace da ɗa a goye, kansa shi ne abu na ƙarshe a bayan babur, ba abin da ya raba shi da kwalta. Babu hular kwano ta jariri, don wuyansa ba zai ɗauke ta ba, kuma babu wani kamfani a Suwidin ko Amurka da ya ƙera abin da zai tsare shi a can. Abin da ke hannunmu kaɗan ne: tasi ko bas in da hali, a zauna baya, asibiti mafi kusa in ƙafa za ta kai, in kuwa babur ya zama dole, a zaɓi dattijon direba, a kauce wa manyan tituna da lokacin cunkoso, a ce masa ya tafi a hankali tun kafin a hau. Kuɗin keken da dangi ke haɗawa ranar suna zai biya tasin zuwa rigakafi sau da yawa, kuma rigakafin farko na jariri yana ɗaukar wata tara kafin a kai ga allurar ƙyanda.