Jelatin: Daga Tukunyar Ƙashi Zuwa Takardar Kwali

Duk matar da ta taɓa kwana da romon ƙafar saniya ta ga yadda yake daskarewa da safe. Abin da ke daskarar da shi shi ne jelatin, wanda ake tatsowa daga fata da ƙashi. A shekarar 1679, Denis Papin, mutumin Faransa, ya ƙera tukunyar tururi mai laushe ƙashi. A 1834 aka yi rajistar kwanson magani na jelatin a Faransa, kuma a 1922 kamfanin Haribo na Jamus ya fito da alewarsa mai danƙo. Da masana'antu suka bunƙasa, fatar alade ta zama babbar mahaifar jelatin a Turai, mai ci kuwa ya daina ganin dabbar da aka yanka.

Daga nan karatun bayan kwali ya zama dole ga Musulmi da Yahudawa da masu ƙin nama. A 1985 hukumar Codex Alimentarius ta tsayar da ƙa'idar jera kayan haɗi, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. A 1997 ta ƙara jagora kan kalmar halal. Amma sau da yawa takarda takan ce «gélatine» kawai, ba ta faɗin dabbar. Taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya halatta shi bisa rikiɗar asali; wasu malaman ba su yarda ba.

Mai gudunsa yakan nemi agar, ko pektin, ko ƙaro, wanda Sahel ta daɗe tana aika wa Turai, ake rubuta shi E414.