Ranar da Yaro Ya Samu Kujerarsa a Mota

A tashoshin motarmu akwai wata doka da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowane ɗan kamasho ya haddace ta: ƙaramin yaro ba shi da kujera. Mace ta iso da 'ya'ya uku, abin da za a tambaye ta shi ne, "Hajiya, kujera nawa za ki biya?" In ta ce ɗaya, to auta yana ƙirji, na tsakiya yana cinya, babban kuma a roƙi wani bawan Allah na kusa ya taimaka ya riƙe shi. Saboda haka duk mai son sanin asalin ɗan tiren nan da iyayen yanzu ke haɗa wa yara, su ɗora a cinya su ci abinci ko su yi zane a doguwar tafiya, sai ya fara da wata tambaya daban: yaushe yaron ya sauka daga cinyar wani har tasa cinyar ta samu sarari? A ƙasar Hausa wannan sauka ta ɗauki lokaci mai tsawo, kuma har yau ba kowane yaro ya sauka ba.

Tafiya da yara dai ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja yakan yi watanni a hanya, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, ana sauka zango zango. A cikin ayarin akwai mata masu girki da kuma yara. Jariri yana goye. Wanda aka yaye a ɗora shi kan jaki tsakanin kaya. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari kuwa ya taka, kuma ba a banza yake takawa ba: shi ne mai korar jaki, shi ne mai samo itace da ɗebo ruwa in an sauka. Irin gidajen da Alhassan Ɗantata ya fito ke nan, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa fatake. Yaron ayari bai san gundura ba, gajiya da ƙaya da ƙishirwa ya sani.

Hanyar gabas ta fi wannan tsawo. Masu niyyar aikin hajji a ƙasa sukan ratsa Barno da Chadi zuwa Sudan, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, har a shekara da shekaru ba a kai bakin teku ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da dama sun ci gaba da hijira tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, kuma garin da suka kafa a gefen Kogin Nilu yana nan da sunansa har gobe. An haifi 'ya'ya a wannan hanya, an yaye su a kanta, wasu a kanta suka sauke Alƙur'ani.

To a nan ne za a ga kakan tiren yara na gaskiya, wato allo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san zamansa: a tanƙwashe ƙafa, a kafa gindin allon a cinya, hannun hagu ya riƙe kansa, na dama ya tsoma alƙalamin gamba a kurtun tawada. Masassaƙa sun fi son itacen aduwa saboda ƙwarinsa da santsinsa. Ba ya fashewa in ya faɗi daga kan jaki, ba ya jin ruwa, in an haddace abin da ke kai a wanke a sake rubutu. Malamin da ya kwashi almajiransa bayan kaka ya nufi gabas ci-rani ba ya buƙatar tebur ko kujera, kowane yaro da teburinsa rataye a kafaɗa. Ban san wani kayan karatun yara da ya kai allo dacewa da tafiya ba. 'Yan mata kuma faifai ne nasu. Da kaba da ciyawa ake saƙa shi, a rufe ƙwarya da shi, a yi bakace, a ɗora a cinya a tsince tsakuwa daga shinkafa ko a ɓare gyaɗa. Sai dai allo da faifai duka kayan zango ne. Sai an sauka, an ɗaure dabbobi, an hura wuta, sannan su hau cinya. Ba wanda ke rubutu jaki na tafiya.

Jirgin ƙasa ne ya fara zaunar da Bahaushe wuri ɗaya alhali tafiya na ci. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912, daga baya ya miƙa Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuma sai 1964. Daga Kano zuwa Ikko ya haura kilomita 1,100, tafiyar da ke cin yini da kwana har da ɗoriya. Ni na riski jirgin ina yarinya, lokacin da Inna kan kai mu Nguru wajen danginta. Taragon talakawa bencin katako ne, a cike maƙil, da buhuna da kaji da tabarmi. Mu yara a ƙasa muke zama, tsakanin ƙafafun manya, teburinmu kuwa akwatin ƙarfen Inna ne mai zanen furanni. In lokacin ci ya yi sai ta buɗe langa, ta juya marfin a tafin hannu, ta zuba mana dambu a cikinsa, ta ce, "Ku riƙe da kyau, wanda ya zubar shi da ci sai Nguru." Marfin langa yana da ɗan baki kewaye, ga shi kuma da maɗauki a tsakiya wanda ke shigewa tsakanin gwiwoyi ya zauna daram. Ba wanda ya ƙera shi don haka, amma na daɗe ban ga abin da ya fi shi ba. In tagar a buɗe take, baƙin kwal daga kan jirgi ya sauka a abincin, a hure a ci gaba da ci.

Kwanukan nan ma baƙi ne a lokacin. Kafin su, ƙwarya ce da akushi, sai gidan masu hali da ke da tasa ko tiren tagulla irin na maƙeran Bida. Langa da fanteka da tire masu fenti daga waje aka fara shigo da su, daga Turai da Hong Kong, kafin a kafa masana'antunsu a Ikko da Kano wajen shekarun samun 'yancin kai. Nan da nan suka kori ƙwarya daga jeren amare. Kowane ɗaki ya samu tire, kuma tiren da ke jingine a bango ran biki shi ne dai ake zarewa ran tafiya.

Kan motocin haya ba sai na daɗe ba. A gingimari mai bodin katako, inda ake jera mutane kan falanki kaya na bayansu, ƙura na shigowa ta ko'ina, hannu biyu na yaro na riƙe da rigar uwarsa ne. Abinci sai an tsaya a Wudil ko Azare ko Potiskum, 'yan talla su yanyame motar, a miƙo ƙosai da rake da dafaffen ƙwai ta taga. Tiren yana nan, amma a kan 'yar talla yake.

Abin ya juya ne a shekarun 1970. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Kuɗin mai suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a farkon 1975, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Malamin makaranta da akawu, waɗanda iyayensu ba su wuce keke ba, suka karɓi bashin mota suka sayi fijo 504. Aiki kuma ya warwatsa mutane, ɗan Katsina yana Jos, ɗan Sakkwato yana Yola, don haka kowace Sallah sai an kwashi iyali an tafi gida. Karo na farko ke nan da yaron Bahaushe ya samu kansa a kujerar baya, shi da 'yan'uwansa kawai, ba jaki da zai kora, ba itacen da zai samo, ba baƙuwar fuska da zai ji kunya. Sa'o'i bakwai, takwas, ba abin yi. A nan aka haifi tambayar da ta ishi kowane uba mai tuƙi: "Baba, mun kusa?"

'Ya'yana a wannan kujera suka tashi. Maigidan ba ya son tsayawa in ya ɗauki hanya, sai salla da shan mai, don haka a cikin mota ake cin komai. Nakan ɗauko ƙaramin tire daga kayan jerena, in zuba dakuwa da ƙuli-ƙuli da yankakken kilishi, in miƙa baya. Ba a minti goma sai rigima ta tashi kan wanda zai riƙe. Da an faɗa rami kuma, kowa ya sani, rabin guzurin yana ƙarƙashin kujera, tururuwa su same shi bayan Sallah. Tire ɗaya ga yara huɗu neman fitina ne, kuma tire mai santsi a kan cinya mai motsi ba ya zama.

Mutanen Amurka sun riga mu shiga wannan matsala, shi ya sa dabarar haɗa tiren a gida ta fi yawa a wurinsu. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohinsu, iyalai suka mai da tafiyar kwanaki a mota al'adar hutu, yara a baya suna ƙorafi. Teburin cinya kuwa sun san shi tun da: a kan wani ɗan akwatin rubutu na cinya, wanda shi da kansa ya tsara, Thomas Jefferson ya rubuta daftarin shelar 'yancin ƙasar a 1776. Abin da iyaye mata na can suka ƙara shi ne ɗauko farantin ƙarfe na gashin biskit, mai baki kewaye, su manna masa matashi a ƙasa. Da intanet ta zo, hotunan suka iso wayoyin 'ya'yanmu.

Ta haka ya shigo gidana. 'Yata da ke aiki a Abuja ta haɗa wa yaranta biyu, kowa da nasa, ta zo da su Kano na juya su na duba. Tiren ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, marar nauyi, irin wanda ake samu a Kasuwar Sabon Gari. Ta ce da maganaɗisu ta je kasuwar, tana manna shi a jikin kowane tire, domin tana son wanda yaran za su manna wa ƙananan maganaɗisu, na alminiyam kuwa ba ya kamawa. Tela ya ɗinka mata 'yar matashiya daidai faɗin tiren da ragowar atamfa, aka cusa audugar rimi ba a cika ta tam ba, don ta bi siffar cinya ta zauna. An bar wa rigar matashiyar baki mai roba da ke kama gefen tiren, ana iya cire ta a wanke in kunu ya zube. A gefe guda akwai aljihu na fensir da 'yar takarda. Cikin tiren kuma ta shafa masa baƙin fenti irin na allon makaranta, yaran na rubutu da alli suna gogewa da tsumma. Na ce mata, "Ke dai allo kika sake ƙirƙirowa, kika haɗa shi da marfin langar Inna." Ta yi dariya ta ce, "Umma, ai ko ba komai ya raba su da wayata."

Wannan magana tata ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurina. Yaron da aka miƙa wa waya daga Zuba ba zai ɗago kai ba sai Kwanar Ɗangora. Bai ga Kaduna ba, bai ga Zariya ba, bai tambayi sunan ko gari ɗaya ba. Mai tire kuwa yana zane yana leƙen taga, ya ga shanu ya zana shanu, ya gaji ya ci gyaɗa, ya yi faɗa da ƙanwarsa, su shirya. Na fi son wannan hayaniyar.

Amma akwai abin da zamanin fijo bai dame mu da shi ba, wanda yanzu ba uzuri a kansa. Mu a da ba mai ɗaura bel, yara har tsayuwa suke yi tsakanin kujerun gaba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma tun 2003 take tilasta ɗaura bel. Duk abu mai tauri da ke gaban yaro, in aka taka birki da ƙarfi, cikinsa ko haƙoransa zai nufa. Don haka na sa 'yata ta kewaye bakin tiren da soso ta rufe da ƙyalle, na kuma hana ta ɗaure shi a jikin yaron ko a jikin kujera. Na ƙaramin, mai shekara uku, cewa na yi ta ajiye ƙarfen gaba ɗaya, ta yanka kwali mai kauri ta naɗe da soso, ya ishe shi. Ƙananan maganaɗisu ma ba na yaron da ke kai komai baki ba ne, domin in ya haɗiye biyu suna iya kama juna ta cikin hanji, sai an yi tiyata. Yaron da mota ke sa wa jiri kuma kada a ba shi abin da zai sunkuyar da kai, a bar shi ya kalli hanya.

Iyaye masu shirin tafiyar Sallah, ku haɗa wa kowane yaro nasa, mai sauƙi mai taushin baki, kuɗinsa bai kai na litar mai kaɗan ba. Ku zaunar da su a baya, ku ɗaura musu bel kafin ku miƙa tiren, kuma direba ya daure ya riƙa tsayawa su sauka su miƙe ƙafa.