Gidan Edhi na Unguwar Mithadar

A Mithadar, tsohuwar unguwar nan ta birnin Karachi mai matsattsun lunguna, Abdul Sattar Edhi ya buɗe ɗan ɗakin shan magani a 1951. Baƙo ne a garin. A Bantva ta jihar Gujarat aka haife shi, ya ƙetaro da danginsa a 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan.

Jinya kuwa a gida ya koye ta. Yana ɗan shekara 11 mahaifiyarsa ta kamu da shanyewar jiki. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci, har ta cika yana da 19. A Karachi ya fara aikin sa kai da ƙungiyar 'yan ƙabilarsa Memon, amma da ya ga an fi kula da nasu, sai ya janye ya buɗe nasa wurin, ba tambayar ƙabila, ba tambayar addini.

Annobar murar 1957 ce ta fito da shi. Ya kafa tantuna, ya roƙi ɗaliban likitanci suka zo suna duba mutane kyauta. Da jama'a suka gani da idonsu, sai sadaka ta fara shigowa, ya sayi wata tsohuwar mota ya mai da ta ta ɗaukar marasa lafiya, shi ke tuƙawa. Gawar da ba mai ita, da hannunsa yake yi mata wanka da likkafani. Kuɗin gwamnati bai yarda ya karɓa ba. Zakka da fatun layya da ɗan abin da talaka ya miƙo su suka riƙe gidan.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne gadon jarirai da shi da matarsa Bilkisu, wadda a lokacin ma'aikaciyar jinya ce a wurin, suka ajiye a bakin ƙofa, domin mai niyyar yar da jariri a bola ya kwantar da shi nan ya tafi, ba mai tuhumarsa. Wasu malamai sun yi suka, suka ce ɗaure wa ɓarna gindi ne. Bai ɗauke gadon ba, kuma a ganina ya yi daidai. Dubban yara sun rayu ta wannan hanya.

Gidauniyar da ya kafa ta bazu ko'ina a Pakistan, shi kuwa bai bar ɗan ɗakinsa na Mithadar ba. Ya rasu ranar 8 ga Yuli, 2016, aka binne shi a kabarin da ya tanadar wa kansa shekaru kafin nan. Allah Ya jiƙansa.